Addini, Siyasa da Annoba: Waiwaye a Kan Rikicin Rigakafin Shan-inna a Kano

A cikin wannan ɗan rubutu ina so in waiwayi wani al'amari da ya auku a ƙasar nan tsakanin 2003 da 2004, watau lokacin da Gwamnatin Jihar Kano ta dakatar da rigakafin cutar shan-inna har na tsawon wata 11. Da yawa daga cikin 'yan'uwa ɗalibai da za su karanta wannan mujalla suna goye a lokacin, wasu ma ba a haife su ba. Amma malamanmu kam sun ga abin da idonsu, kuma na tabbata har gobe in aka tayar da zancen a tsakaninsu sai an rabu biyu. Dalilin da ya sa na zaɓi wannan al'amari kuwa shi ne, a tarihinmu na kusa shi ya fi fito da yadda addini da siyasa kan shiga tsakanin jama'a da magani idan cuta ta game gari.

Yadda jaridun Turai da Amurka suka saba ba da labarin gajere ne. Wai wasu malamai ne marasa ilmin zamani suka tsorata mutane, mutane kuma don duhun kai suka bi su. Wannan bayani bai gamsar da ni ba. Wanda ya ja gaba wajen kiran a dakatar da rigakafin, Dokta Ibrahim Datti Ahmad, likita ne da ya yi shekaru aru-aru yana duba marasa lafiya a Kano. Gwamnan da ya ba da umarnin, Malam Ibrahim Shekarau, malamin lissafi ne wanda ya shugabanci makarantun sakandare har ya kai muƙamin babban sakatare. Kwamitocin da suka auna maganin kuwa malaman jami'a ne a cikinsu. Ashe ke nan jahilci kaɗai ba zai ɗauki nauyin abin da ya faru ba. Ni abin da na fahimta shi ne, talaka ba shi da hanyar auna abin da ke cikin kwalba, saboda haka sai ya auna hannun da ya miƙo masa ita. Siyasa ce ta ɓata sunan hannun. Addini kuwa shi ya ba mutane harshen da suka faɗi tsoronsu da shi, kuma daga baya ta ƙofarsa aka bi aka kwance ƙullin.

Bari mu fara da ɓangaren addini, domin nan ne aka fi yin ruɗu. Wajen shekara ta 18 bayan Hijira, watau 639 Miladiyya, annobar da Larabawa ke kira ɗa'un ta ɓarke a Amwas, cikin ƙasar Falasɗinu. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, yana kan hanyarsa ta zuwa Sham, sai shugabannin runduna suka tarye shi a wani wuri da ake kira Sarg, suka ba shi labari. Ya tara Muhajirai ya nemi shawararsu, suka rabu biyu. Ya tara Ansaru, su ma suka rabu biyu. Sai da ya kira dattawan Ƙuraishawa sannan aka sami baki ɗaya a kan ya juya da mutane Madina. Abu Ubaida ɗan Jarrah bai ji daɗin haka ba, yana ganin kamar gudun ƙaddara ne. Umar ya buga masa misali da makiyayin raƙuma wanda ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, ya nuna masa cewa duk gefen da makiyayin ya zaɓa bai fita daga ƙaddarar Allah ba. Ana cikin haka Abdurrahman ɗan Aufu ya iso, ya sanar da su abin da ya ji daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na hana shiga garin da annoba ta sauka da hana mutanen cikinsa fita. Abu Ubaida ya koma wurin rundunarsa, a cikin annobar nan ya rasu, haka ma Mu'azu ɗan Jabal.

Babu almajirin ilmi a zaurukan Kano ko Zariya ko Sakkwato da bai san wannan ƙissa ba. Don haka ne ma shugabannin masu adawa a 2003 ba su ce rigakafi haramun ne ba. Su ne dai mutanen da ke bin layi idan sanƙarau ya ɓarke, kuma kowane maniyyaci a cikinsu sai ya miƙa dantse an yi masa allura kafin ya taka jirgin Jidda. Abin da suka ce shi ne, wannan magani na musamman an gurɓata shi da abin hana haihuwa, wasu suka ƙara da cewa har da ƙwayar ƙanjamau, kuma da gangan aka yi don a rage yawan Musulmi. To, wannan magana a kan niyyar mai bayarwa take, ba ta shafi halas da haram ba.

Ita kanta cutar tana da halayen da suka taimaka wa zargi. Sunanta ma ya isa abin lura. Bahaushe ya ce shan-inna, domin a tsohon imaninsa Inna, wata iska daga cikin iskokin bori, ita ke shanye ƙafa ko hannun yaro. Abin da ake ɗauka aikin iska ne kuwa, ba a cika neman maganinsa a asibiti ba. A ilmin likita ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, galibi ta ruwa ko abincin da bayan gida ya ɓata, ta hayayyafa a hanji, ta fita ta kama wani. A cikin yara kamar 200 da ta shiga jikinsu, ɗaya ne take shanye wa gaɓa, sauran su yi ta yawo da ita ba wanda ya sani. Ke nan annoba ce marar hayaniya. Ba ta cika maƙabarta a mako ɗaya kamar kwalara ko sanƙarau, kuma uba zai iya shekara goma a unguwarsu bai ga sabon kamu ba. Bugu da ƙari, ɗigon da ake yi a baki ba ya kama jiki sosai a ƙasashe masu zafi inda yara ke fama da gudawa, sai an maimaita shi sau da yawa. Wannan ne ya sa ma'aikata ke komowa gida ɗaya sau da yawa a shekara, suna rubutu da alli a jikin bango, suna shafa wa yara tawada a ɗan yatsa. Ba a cika tsayawa a yi wa maigida wannan bayani ba. Shi dai abin da ya gani shi ne naci, kuma a saninsa gwamnati ba ta taɓa yi masa naci a kan alherinsa ba.

Yana da kyau mu tuna cewa wannan ba shi ne karon farko da aka yi gangamin rigakafi a Arewa ba. Tsakanin 1966 da 1970 an yi yaƙi da cutar agana a Afirka ta Yamma, aka bi gari-gari ana yi wa mutane lamba, kuma a 1970 aka ga kamu na ƙarshe a Nijeriya. An yi wannan aiki ne ƙasa tana cikin yaƙin basasa, da taimakon Amurka, amma ba a ji gwamnatin wata jiha ta rufe ƙofa ba. Ba ina nufin mutanen da sun fi na yanzu yarda da Bature ba. Tun zamanin duba-gari akwai masu ɓoye yara a rumbu idan sun ji mai lamba ya shigo gari. Bambancin shi ne, a wancan lokaci umarni daga fadar sarki yake fitowa, ya bi ta hakimi, ya sauka wurin dagaci, ya isa ga mai unguwa, wanda ya san kowane gida da yawan 'ya'yan cikinsa. Akwai tilas a ciki, ba shakka, amma fuskar da talaka ke gani a ƙofar gidansa fuska ce da ya sani. Ita kuma agana kowa ya ga ɓarnarta a fuskar maƙwabcinsa. Daga baya aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa raba sarakuna da mulki. Da aka zo yaƙi da shan-inna, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 1988 lokacin da cutar ke nakasa yara wajen 350,000 a shekara a ƙasashe 125, sai aka tsara shi daga Janeba zuwa Abuja, daga Abuja zuwa sakatariya, aka manta da zauren mai unguwa.

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Zancen hana haihuwa ya sami gindin zama ne domin a Nijeriya yawan jama'a siyasa ne tsagwaronta. Da shi ake raba kujerun majalisa, da shi ake raba kuɗin tarayya, kuma shi ne jarin da Arewa ke tinƙaho da shi tun kafin samun 'yancin kai. An yi rigima a kan ƙidayar 1962 da ta 1963, ta 1973 kuwa soke ta aka yi ɗungurungum. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta fito da manufar yawan jama'a wadda ta shawarci kowace mace ta tsaya a 'ya'ya huɗu, kuma kowa ya san ƙungiyoyin ƙasashen waje na zuba kuɗi a shirin ƙayyade iyali. Wanda ya yi shekara 15 yana jin Turawa na cewa haihuwarsa ta yi yawa, ranar da aka ce masa ga abin da suka zuba a cikin kwalba, ba ya bukatar dogon bayani.

Sai kuma babban tabon, watau abin da ya faru a 1996. A shekarar nan sanƙarau ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, galibinsu a Arewa. Ana tsakiyar wannan masifa kamfanin magunguna na Pfizer ya turo likitoci daga Amurka zuwa Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano don gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Aka ɗebi yara kimanin 200, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 daga kashin farko, 6 daga na biyu, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar, kuma ya sami izini. Iyaye da yawa kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu, sun ɗauka taimako ne irin wanda ƙungiyar likitocin nan na-gari-na-kowa ke bayarwa a asibitin. Labarin bai fasu sosai ba sai a Disamba 2000, da jaridar Washington Post ta tono shi. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti a 2001, kwamitin ya gano ba a bi ƙa'ida ba, amma rahotonsa bai fito fili ba sai 2006, shi ma ta hannun 'yan jarida. Sai a 2009 kamfanin ya sasanta da Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da ya amsa laifi ba. Mai karatu ya dubi shekarun nan da kyau. A 2003, lokacin da Abuja ke rantsuwa cewa ɗigon shan-inna lafiyayye ne, ita ce kuma ke zaune a kan rahoton Trovan, ba a biya kowa ko anini ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

A ƙara da halin da asibitocinmu ke ciki tun bayan tsuke bakin aljihu na shekarun 1980. Na sha jin wannan tambaya a bakin magidanta a majalisun ƙofar gida, kuma har yau ina ganin tambaya ce ta mai hankali: yaro yana zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda, ka kai shi asibiti a rubuta maka takarda a ce je ka kemis, to yaya aka yi wannan magani ɗaya tak, na cutar da ba ka roƙi kowa maganinta ba, shi ne ake biyo ka da shi har ɗaki kyauta? Amsar tana nan, watau duniya ta ƙudura kawar da cutar baki ɗaya kamar yadda aka yi wa agana, kuma masu ba da kuɗi a kan wannan suka bayar. Amma amsa ce da ta fi gamsar da mai bayarwa a kan mai karɓa.

Duk waɗannan busasshen kara ne, siyasar 2003 ce ta kawo ashana. Mulki ya koma hannun farar hula a 1999, shugabanci ya koma Kudu wurin Cif Olusegun Obasanjo, manyan Arewa da dama suna kukan an mayar da su saniyar ware. A Oktoba 1999 Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, wasu jihohi 11 suka bi wannan hanya, aka yi ta ja-in-ja da tarayya, aka zubar da jini a Kaduna a 2000. A waje kuma Amurka ta auka wa Afganistan a 2001, ta auka wa Iraƙi a Maris 2003 bisa hujjar makaman da daga baya ba a same su ba, mutanenmu kuwa suna bin labarin safe da yamma a sashen Hausa na gidajen rediyon duniya. A Afrilu 2003 aka yi zaɓe. Janar Muhammadu Buhari na jam'iyyar ANPP ya ci Kano amma aka ce Obasanjo ya lashe ƙasa, magana ta tafi kotu. A Kano Shekarau na ANPP ya kayar da gwamna mai ci, Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso na PDP, da goyon bayan malamai da alkawarin tabbatar da shari'a. 'Yan watanni bayan haka ne Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci, wadda Dokta Datti ke shugabanta, ta yi kira a dakatar da rigakafin sai an bincika. Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar. A irin wannan yanayi, gwamnan da zai ce wa malaman da suka ɗora shi bisa kujera su yi shiru su karɓi maganin Abuja, sai ya shirya rasa kujerar.

Daga nan aka shiga gasar awo. Gwamnatin Tarayya ta sa aka auna, aka ce lafiya lau. Masu adawa suka ce ba su yarda da ma'aunin ba. Kwamitin Jihar Kano da masu bincike na Jama'atu Nasril Islam suka ce sun ga ɓurɓushin sinadarin isturojin, wanda ke da alaƙa da haihuwar mata, masana na ɗaya ɓangaren suka ce ko da akwai shi ƙanƙantarsa ba ta kai ya yi wa jiki komai ba. Ƙwayar ƙanjamau kuwa babu wanda ya gan ta. Aka tura tawaga Afirka ta Kudu da Indiya da Indunusiya, har da wakilan malamai da sarakuna a ciki. Taron ƙolin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi da aka yi a Maleshiya a Oktoba 2003 ya goyi bayan kawar da shan-inna, manyan malaman duniyar Musulmi irin su Shaihu Yusuf Alƙardawi suka yi magana, Kofi Annan ya turo Farfesa Ibrahim Gambari ya zaga fadoji da gidajen gwamnati. Kaduna da Zamfara suka janye a farkon 2004. Kano ta tsaya sai ƙarshen Yuli, bayan an yarda za a kawo mata magani daga kamfanin Bio Farma na Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi.

A nan ne nake so mai karatu ya ɗan dakata. Shi wannan kamfani na Indunusiya dama can yana cikin masu sayar wa Majalisar Ɗinkin Duniya ɗigon shan-inna, kuma bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya yake haɗa shi kamar sauran. Abin da ke cikin kwalba bai sauya ba, hannun da ya miƙo ta ne ya sauya. A Oktoba 2004 Obasanjo ya zo Kano, Shekarau ya miƙa masa 'yarsa ƙarama ya ɗiga mata a gaban jama'a. Wannan hoto ya yi aikin da takardun ɗakunan awo suka kasa yi a shekara guda.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Neman a bincika magani kafin a ba 'ya'yan mutane haƙƙi ne, balle a garin da aka yi Trovan. Amma faɗa wa jama'a cewa akwai ƙanjamau a ciki ba tare da hujja ba, da ci gaba da rufe ƙofa watanni bayan awo ya fito, wannan ganganci ne, kuma waɗanda suka biya kuɗinsa ba su da bakin magana a lokacin. A 2002 yara 202 cutar ta nakasa a Nijeriya. A 2003 suka zama 355, a 2004 suka kusa 800, a 2006 suka haura 1,100. Ita kuwa ƙwayar cuta ba ta san kan iyaka ba. Ta bi 'yan kasuwa da masu ziyara ta shiga Nijar da sauran maƙwabta, ta ratsa Cadi ta faɗa Sudan, ta ƙetare Bahar Maliya, watau dai tsohuwar hanyar da kakanninmu ke bi zuwa Makka a ƙasa. Ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da cutar suka sake ganinta. A 2005 ta nakasa yara fiye da 400 a Yaman, da wajen 300 a Indunusiya, ƙasar da ta aiko mana da maganin. Zancen hana haihuwa kuwa lokaci ya yi masa hukunci, domin 'yan matan da aka ɗiga wa a shekarun nan yau su ne ke goyo.

Janye umarnin gwamna bai janye zargi daga zukata ba, shekaru aka yi ana rufe wa ma'aikata ƙofa. Abin da ya juya al'amarin shi ne komawa ga abubuwan da aka raina tun farko. Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da wasu abubuwan da iyaye ke so, kamar allurar ƙyanda da gidan sauro da sabulu. Saudiyya ta shiga ɗiga wa alhazan Nijeriya a filin jirgi, babba da yaro, sai ga dattijon da ya hana jikokinsa a gida ya buɗe baki a Jidda. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan rigakafi, aka mayar da hakimi da dagaci da mai unguwa cikin aikin, gwamnoni kuma suka sa hannu a kan alkawari a Abuja. Daga 388 a 2009, kamu ya sauko zuwa 21 a 2010. Duk da haka siyasar duniya ba ta bar mu mun huta ba. A 2011 aka gano hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da wani shirin rigakafi na bogi a garin Abotabad na Pakistan don farautar Usama bin Ladan, abin da ya ba masu zargi hujjar da ba su taɓa samun irinta ba. Ranar 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka harbe mata 9 masu aikin rigakafi a Kano. Kamu na ƙarshe na ƙwayar asali an same shi ne a Barno a 2016, a yankunan da rikicin Boko Haram ya hana ma'aikata shiga.

Da korona ta zo a 2020, sai aka sake jin tsohuwar muryar da sabon kaya. Wannan karon masallaci kansa aka taɓa. An sami kamu na farko a Kano a Afrilu, azumi na ƙaratowa, kuma ranar 27 ga watan Shugaba Buhari ya sa wa jihar dokar kulle. Ta fuskar addini hujja ba ta yi wuya ba, ga ƙissar Amwas, ga Saudiyya ta dakatar da Umra, aikin Hajjin shekarar ma 'yan tsirarun mazauna ƙasar ne suka yi shi. Malamai da yawa sun ba da fatawar a yi salla a gida. Amma mai turin kura da mai sayar da goro, waɗanda sai sun fita za su ci, sun ga an rufe masallacin Juma'a da kasuwa, tallafin da ake ta shela a rediyo bai iso ƙofarsu ba, sai zance ya bazu cewa cutar ta masu hawa jirgi ce, ko kuma gwamnoni ne ke neman kuɗi da ita. Ana wannan musu masu haƙar kabari suna cewa aiki ya yi musu yawa. A Yuni ministan lafiya ya bayyana cewa mutum 979 suka rasu a ƙananan hukumomi 8 na birnin Kano a cikin 'yan makonnin nan, kuma mai yiwuwa rabi ko fiye korona ce sanadinsu. A Jamhuriyar Nijar hana sallar jam'i ya jawo tarzoma a Yamai, gwamnati ta buɗe masallatai a Mayu. A Oktoba kuma, da matasa suka fasa rumbunan ajiya a garuruwa da dama na Nijeriya suka tarar da buhunan abincin tallafin korona jibge, duk wanda ya ce dama ya faɗa ya sami abin nunawa.

A tsakiyar wannan hali ne, ranar 25 ga Agusta 2020, aka ba da sanarwar cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali, shekara 20 bayan wa'adin da aka ɗiba tun farko. Ma'aikata ba su daina zagawa da akwatunansu ba, domin akwai wani nau'in cutar da kan rikiɗe daga raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon kansa, ya yaɗu a wuraren da yara da yawa ba su sami rigakafi ba, kuma Arewacin Nijeriya ya yi fama da shi tun 2005. Yaran da cutar ta shanye wa ƙafa tsakanin 2003 da 2006 kuwa yanzu samari ne da 'yan mata, tsarar mafi yawan ɗaliban da ke cikin ajujuwanmu.